Zagayen Birnin Jos Cikin Kwana Biyu A Kan Keken Lantarki

Da yawa daga cikinmu mazaunan birni ne, amma in an bi diddigi hanya uku kaɗai muka sani: ta wurin aiki, ta kasuwa, da ta ɗakin sujada. Mu kan shiga mota a bakin titi, mu sauka inda za mu, ba mu ga kome a tsakani ba sai ƙeyar direba. 'Ya'yanmu sun iya faɗin sunayen manyan biranen Turai domin jarrabawa, amma ka tambaye su abin da ya haƙa babban tafkin nan da ke bayan unguwarsu, sai su yi shiru.

A Jos al'amarin ya fi haka nauyi. Rikice-rikicen da aka yi a Satumba 2001, da Nuwamba 2008, da Janairu 2010 sun sa iyalai da yawa sun tashi daga inda suka daɗe, kowa ya koma inda masu addininsa suka fi yawa. Akwai samari a yau waɗanda a garin aka haife su, amma rabinsa ba su taɓa taka shi ba. Sa'an nan ga tsadar mai. Ran 29 ga Mayu 2023 shugaban ƙasa ya sanar an janye tallafin fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Tun daga nan mai gida ba ya ta da mota ko babur sai da babban dalili. Tsoro da tsada sun haɗu sun zaunar da mutane a gida.

Saboda haka a wannan wata muna so mu ba masu karatu labarin wata hanyar fita ganin gari wadda ba ta shan fetur. Mun zagaya Jos da kewayenta a kan keken lantarki, yinin Asabar da yammacin Lahadi, tafiyar wajen kilomita 70 duka duka. Wutar da kowane keke ya sha ba ta fi yunit ɗaya a mita ba. Wanda ba a Jos ya ke zaune ba shi ma zai sami abin ɗauka, gama lissafin ɗaya ne a kowane gari.

Wane irin keke ne wannan?

Keken lantarki keke ne kamar wanda muka saba da shi. Yana da feda, da sarƙa, da birki, da sirdi. Abu uku aka ƙara masa: ɗan ƙaramin inji a tsakiyar ƙafar baya ko kuwa a gindin feda, da batir, da wani ɗan allo a kan hannun keken inda mahayi ke zaɓen yawan taimakon da ya ke so. In ka taka feda injin ya taya ka. In ka daina takawa, ko ka kama birki, shi ma ya tsaya.

Mutum mai lafiya wanda bai saba tsere ba ya kan ba keke ƙarfin da bai fi wat 100 ba in tafiyar ta yi nisa. Injin irin wanda aka fi sayarwa yana ba da wat 250. Watau kamar mutum biyu ne suna tura ka daga baya, ba sa kuwa haki. A ƙasashen Turai doka ta ce injin ya daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a sa'a guda, kuma wannan gudu ya ishi kowane mai hankali a cikin gari.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1895 wani mutumin Amurka, Ogden Bolton, ya yi rajistar keke mai batir, amma batiran lokacin sun cika nauyi. A 1993 kamfanin Yamaha na Japan ya fara sayar da keken da ke taimakon mahayi gwargwadon yadda ya ke taka feda. Abin da ya yaɗa shi cikin duniya shi ne batirin litiyam, irin na wayar hannu, wanda ba shi da nauyi kamar batirin mota. A ƙasar Sin kaɗai akwai kekunan lantarki fiye da miliyan 300.

Garin Jos ya dace da irin wannan keke. Yana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da bakin teku, an gina shi a tsakanin duwatsu, daga hawa sai gangara. Iyayenmu da suka hau Rali sun san yadda a kan sauka a tura keke a kan tudu, gumi na zuba. Wannan wahala ce ta sa mai shekara 50 ya jingine kekensa a zaure, ita ce kuwa injin ya zo ya ɗauke.

A lura da abu guda. Akwai baburan lantarki waɗanda ba su da feda, kuma gwamnatin jihar ta sha hana achaba a cikin Jos da Bukuru. Mu maganar keke mai feda mu ke yi, wanda ko batir ya mutu a kan tuƙa shi zuwa gida.

Lissafi kafin tashi

Wanda zai yi irin wannan tafiya tilas ya fara da alƙalami da takarda. A jikin batir za a ga lamba biyu, misali 36V da 13Ah. In aka ninka 36 sau 13 a sami 468. Wannan shi ne yawan wutar da batirin ke riƙewa, kuma bai kai rabin yunit ba, gama yunit ɗaya 1,000 ne a wannan ma'auni.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya, in mahayi yana taka feda sosai, keken ya kan ci wajen 8 a kowace kilomita. Ke nan batirin zai kai kilomita 58. A kan tudu, ko da kaya, ko in iska tana tura mutum baya, ya kan ci 12 ko fiye, tafiyar ta ragu zuwa kilomita 39. Nauyin mahayi, da laushin taya, da sanyin safiya, da tsufan batir, duk suna rage nisa. Abin da mai sayarwa ya faɗa maka, ka cire kashi ɗaya daga cikin uku, saura shi ne naka.

Tafiyarmu ta Asabar wajen kilomita 40 ce, watau daidai bakin ƙarfin batirin. Don haka muka yi shawara tun daga gida: a shimfiɗaɗɗen wuri mataki na ɗaya, a gangara a kashe taimako ɗungum, mataki na uku sai a kan tudu. Yawancin waɗannan kekuna ba sa mai da wuta cikin batir a kan gangara, kada wani ya dogara ga haka. Kuma keken yana da nauyin kilo 20 zuwa 25 ko fiye. Wanda batirinsa ya ƙare a Bukuru zai san ya ɗauko kaya.

Ga abin da muka sa a jaka: caja, da famfo, da kayan faci, da sifana, da kwaɗo mai sarƙa, da ruwan sha, da rigar sanyi. Kowa da hular kwano a kansa. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Maris. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce, ruwan Jos kuwa ya kan sauko ba sallama, wani lokaci har da ƙanƙara.

Asabar da safe: gidan tarihi

Mun haɗu a Taminus da ƙarfe bakwai da rabi, a gefen babbar kasuwar da gobara ta ci a Fabrairu 2002. Daga nan zuwa gidan ajiye kayan tarihi 'yar tafiya ce kaɗan, kuma nan ya kamata a fara, domin abin da za a gani a sauran yinin a nan a ke samun mabuɗinsa.

An buɗe gidan a 1952 ta ƙoƙarin wani Bature mai suna Bernard Fagg. Tun a 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan gunki na yumɓu. A 1943 aka kawo wa Fagg wani kan mutum na yumɓu daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya domin korar tsuntsaye. Fagg ya ga hannu ɗaya ne da na Nok. Da aka bincika aka tarar waɗannan kawuna sun haura shekara 2,000, kuma mutanen da suka yi su sun iya narka ƙarfe. Yaran da ke tare da mu sun daɗe a gabansu suna duban kitson da ke kansu da hudar da ke idanunsu.

A harabar akwai tsohon kan jirgin ƙasa, ɗan ƙarami. Na layin dogon da aka shimfiɗa ne daga Zariya, ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Kafin wannan jirgi, a ka a ke ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwana da kwanaki a ƙasa har Loko a bakin Binuwai, inda jirgin ruwa ke jira. Gaba kaɗan akwai filin da aka gina kwatancin gine-ginen gargajiya na ƙasar nan da girmansu, har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Gidan zu ma yana nan maƙwabtaka. Wanda ya biye wa wurin nan zai yini, saboda haka muka ba shi sa'a biyu muka kama hanya.

Tudun Wada da gandun daji

Daga gidan tarihi muka bi ta wajen otal ɗin Hill Station muka nufi Tudun Wada. A nan keken ya fara nuna amfaninsa. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya ce rabonsa da keke shekara 20, ya hau tudun yana zaune a sirdi yana hira. Samarin da suka zo da kekunan da ba su da inji sai da suka miƙe tsaye a kan feda kafin su riske shi.

Gandun namun daji na Jos yana yamma da gari, ta hanyar Miyango. An keɓe shi a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 8. Mun ɗaure kekuna a ƙofa, muka cire batira muka sa a jaka. Batir shi ne abu mafi tsada a jikin keken, kuma ba a barinsa cikin rana. Muka huta a inuwa, muka ci ƙosai da kunun gyaɗa da muka taho da su.

Hanyar Bukuru: garin da kuza ta gina

Daga nan muka koma babban titin Yakubu Gowon, wanda ya miƙe kudu zuwa Bukuru, wajen kilomita 15 daga tsakiyar Jos. Wannan ne wuri mafi haɗari a tafiyar, saboda manyan motoci da Keke Napep masu tsayawa ba sigina. Mun jeru ɗaya bayan ɗaya a gefen dama, babba a gaba, babba a baya, yara a tsakiya. Keken lantarki ba ya ƙara, mai tafiya a ƙasa ba ya jin zuwansa, direba kuma ya kan zaci a hankali ya ke tafe kamar sauran kekuna. Saboda haka ƙararrawa ba ta huta ba.

A kan keke mutum yana da sukunin karanta allunan unguwanni, sunayen kuwa suna ba da labari. Anglo Jos da Rayfield daga sunayen kamfanonin kuza suka samo asali. Tudun Wada da Daɗin Kowa sunayen Hausa ne a ƙasar Birom da Jarawa da Anaguta. Ma'aikata sun zo neman kuɗin kuza daga kowace kusurwa, Hausa ta zama harshen bariki da kasuwa.

Kafin Turawa su zo, maƙeran Liruwe sun daɗe suna narka kuza suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Ita ce ma'aikatan kamfanin Neja suka gani suka biyo sawunta, suka kafa sansani a Naraguta a farkon shekarun 1900. Daga baya aka kawo manyan injunan haƙa, a 1929 kuma aka kafa kamfanin NESCO wanda ya jawo wutar lantarki daga ruwan Kurra domin su. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya mai arzikin kuza, gwamnatin mulkin mallaka ta sa aikin tilas. Aka kwaso dubban mutane daga larduna masu zafi zuwa sanyin Filato, ba isasshen abinci, ba bargo, da yawa ba su koma gida ba. A 1943 kuzar da aka haƙa ta wuce tan 17,000, ba a kuwa sake kai haka ba. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kwalambait, wanda a ke samu tare da kuza. Da man fetur ya zo hankalin gwamnati ya koma can, kuzar da ke kusa da sama ta ragu, a 1985 kuma farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Kamfanoni suka watse, suka bar ramuka.

A Bukuru muka ci abincin rana. Fitilun batir biyar ne a kan allo, saura uku. Mai shagon ya yarda muka sa caji na sa'a guda muka ba shi ɗan abin wuta.

Tafkunan Rayfield

Da la'asar muka juyo ta Rayfield. Hanyar nan ta fi shiru, kuma a nan a ke ganin abin da kuza ta bari: tulin jar ƙasa kamar ƙananan duwatsu, da jerin itatuwan turare da aka dasa domin gyaran ƙasar da aka tone, da tafkuna. Akwai ɗaruruwan irinsu a Filato. Duk ramukan haƙa ne da ruwa ya cika. An mai da ɗaya wurin shaƙatawa a Rayfield, inda mutane ke zuwa shan iska a bakin ruwa.

Manoma sun sami amfaninsu. Da rani su kan sa injin ban ruwa su noma kabeji, da karas, da latas, da tumatir, da dankalin Turawa. Mun tsaya a wata gona mai shingen ƙerana muka gaisa da mai ita, muka sayi karas muka ɗaure a kariya. Mai mota da ya wuce da gudu ba ya samun wannan gaisuwa.

Amma iyaye su ji wannan da kyau. Tafkin kuza ba kamar rafi ba ne da ke zurfi a hankali. Gefensa a tsaye ya ke kamar rijiya, ruwan yana da sanyi ƙwarai a ƙasa, gindin kuwa laka ce. Irin waɗannan tafkuna sun ci yara da manya da dabbobi. Kada a bar yaro ya shiga wanka, kome zafin rana. Kada kuma a sauka daga hanya a ratsa fili da keke, gama har yanzu akwai masu haƙa ramukan loto, ƙunƙuntattu masu zurfi, waɗanda ciyawa ke rufewa.

Mun iso gida kafin magariba, fitila ɗaya tana ci.

Daren Asabar: yadda a ke caji

Batirin litiyam bawa ne mai kyau, amma in ya kama wuta da wuyar kashewa, hayaƙinsa kuma guba ne. An yi hasarar rayuka a manyan biranen duniya ta wannan hanya, yawanci saboda batir mai araha, ko cajar da ba tasa ba, ko caji da dare mutane suna barci. Rigakafi ya fi magani.

In an dawo, a bar batir ya huce rabin sa'a. A yi amfani da cajarsa ta asali kaɗai. A ajiye shi a kan siminti, nesa da katifa da labule da galan ɗin mai, kuma ban da bakin ƙofar da iyali za su fita in wani abu ya faru. Daga fanko zuwa cika ya kan ɗauki sa'a 4 zuwa 6, saboda haka a sa shi da wuri, a cire kafin a kwanta. In wutar unguwa tana rawa, a haɗa da na'urar daidaita wuta. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya tsage, ko yana wari, ko ruwa ya shige shi, a fitar da shi waje, kada a sake sa shi a wuta. Kada kuma a jefa shi a bola inda a ke ƙona shara.

Lahadi da yamma: Shere, Naraguta da Farin Gada

Bayan an taso daga sujada an ci abinci, muka tashi da ƙarfe ɗaya da rabi. Tafiyar yau wajen kilomita 30 ce, amma ta fi ta jiya hawa. Daga mahaɗar British America muka bi hanyar Lamingo zuwa gabas, muka wuce madatsar ruwa, duwatsun Shere suna ƙara girma a gabanmu. Suna wajen kilomita 10 daga gari, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, babu inda ya fi ta tsawo a Filato. Ba mu hau ba, wannan aikin ƙafa ne na yini guda tare da ɗan jagora. Mun tsaya inda hanya ta yi tudu muka waiwaya. Daga can a kan ga garin a shimfiɗe, rufin kwano yana walƙiya, hasumiyoyin masallatai da na majami'u a cakuɗe, ba a gane inda unguwar wani ta ƙare ta wani ta fara.

Saukowa tana bukatar hankali fiye da hawa. Keke mai nauyi ya kan ɗauki gudu da sauri. A kama birki biyu tare, a riƙa saki ana kamawa domin kada su yi zafi, a rage gudu tun kafin kwana.

Daga nan muka zagayo arewa zuwa hanyar Bauci, wajen Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Kusa da ita ƙauyen Naraguta ya ke, inda Turawan kuza suka kafa sansani, wanda ya yi suna da aikin fata. Muka ƙarasa Farin Gada, kasuwar kayan gwari, inda amfanin gonakin Filato ke taruwa kafin a loda shi zuwa kudu. A nan manomi da dillali da direba, Kirista da Musulmi, su ke ciniki da juna shekara da shekaru, gama kabeji ba ya jira a gama gardama.

Wasu daga cikin yaranmu ranar suka fara ganin wannan gefen gari. Ba mu shiga da ka ba. Mun tambayi labarin gari kafin mu fito, mun tafi tare da wani abokin aiki ɗan wajen, mun yi sallama inda muka tsaya, mun sayi rake da balangu, mun kuma bar wurin da sauran rana. In gari ba lafiya, ko lokacin zaɓe ne, ko an sa dokar hana fita, a ɗaga tafiyar. Amma in lafiya lau ne, yaron da ya taɓa shan ruwa a wata unguwa aka ce masa sannu da zuwa, da wuya wani ya zo daga baya ya gaya masa dodanni ne ke zaune a can. Gani ya kori ji.

Abin da ke cikin keken

Akwai wani abin da ya kamata a faɗa wa yara bayan irin wannan zagaye. Dalmar nan da mai gyaran rediyo ke narkawa yana liƙa waya, yawancinta kuza ce, kuma wajen rabin kuzar da duniya ke amfani da ita a wannan aiki ta ke tafiya. Kowane keken lantarki yana ɗauke da ita a cikin allonsa da cajarsa. Litiyam ɗin da ke cikin batir kuma yanzu ana haƙarsa a Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato a 1996, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a can a 2024.

Ashe ke nan abin da ya faru a Bukuru da Rayfield yana iya sake faruwa a maƙwabta. Wanda ya tsaya a bakin tafkin kuza ya ga gonar da ta zama rami, ya san tambayar da ya kamata a yi wa kowane mai zuwa haƙa: in ka gama, wa zai cike ramin, da kuɗin wa? 'Ya'yanmu ne za su zauna a majalisa da fadar hakimi gobe, gara su ga wannan da idonsu tun yanzu.

Wa zai iya?

Ba mu ce kowane gida ya sayi keken lantarki ba. Kuɗinsa ya ninka na keken gargajiya sau da yawa, batirin kuma ya kan raunana bayan an yi masa caji sau ɗaruruwa, sai an sake wani. Mai saye ya tambaya tun da fari ko a kan sami batir da caja da taya irin nasa a garinsu, da makanikin da ya san shi. Amma wanda ke kashe kuɗin mota kullum zuwa wurin aiki, ya zauna ya lissafa na shekara guda ya gwada da kuɗin keken. Gida biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi, ko a yi adashe.

Ba lalle kowa a ayarin ya hau mai inji ba. Samari ƙarfinsu ya ishe su. Keke ɗaya mai batir a gida ya isa ya sa uba, ko uwa, ko kaka mai sauran ƙarfi, su bi 'ya'yansu kafaɗa da kafaɗa maimakon a bar su a gida. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara ganin likita. Wanda ya daɗe bai hau ba ya gwada a filin makaranta kwana biyu ko uku, ya saba da yadda injin ke fizga in an taka feda.

Ku da ke Zariya, ko Kaduna, ko Gombe, ko Maraɗi, ku zauna da iyali ku rubuta wurare biyar na garinku da kuka sha jin sunansu amma ba ku taɓa zuwa ba. Ku nemi dattijon da ya san tarihinsu, ku auna nisan, ku yi lissafin batir kamar yadda muka nuna, ku sa rana. Ku fara da kilomita 10 a Asabar ta fari, sannu ba ta hana zuwa. In kun dawo, ku sa yara su rubuta abin da suka gani, ku aiko mana mu karanta tare.